IDAN AKA CE MIKI "KWAMFUTA BA TA GA SUNANKI BA"

   

'Yar uwa, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a ajin matan aure da nake koyarwa da yamma. Akwai wata baiwar Allah a ajin, bari mu kira ta Indo duk da cewa ba sunanta ba ke nan. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, da wankau da surfe take riƙe da su. An taɓa zuwa unguwarsu an rubuta sunaye domin wani tallafi, har da ita. Da lokacin biya ya zo, maƙwabtanta biyu suka ji alat, ita shiru. Sau uku tana cin bashin kuɗin adaidaita tana zuwa ofis. A zuwa na uku ma'aikacin ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba laifina ba ne. Kwamfuta ce ba ta gan ki ba."

Ranar ko allo ba ta ɗauka ba. Ta zauna gefena tana share hawaye da bakin hijabi, ta ce, "Malama, ga ni tsaye a gabansa, da raina da lafiyata, wai ba a gan ni ba. To ni aljana ce?"

Muka shimfiɗa takardunta a kan tabarma. Sai ga mace ɗaya da sunaye uku. A takardar da aka ba ta ranar rubuta sunaye, Indo ce, haɗe da sunan mijinta. A takardar NIN, A'ishatu ce, haɗe da sunan mahaifinta. A banki kuwa Aisha ce, haɗe da sunan garinsu. Lambar wayar da aka rubuta mata kuma ta marigayin ce, wadda tuni kamfani ya rufe ya sayar wa wani.

Wannan shi ne kan darasin: kwamfuta ba ta san ki ba, abin da aka rubuta a kanki kawai ta sani. Kuma tunda mutum ne ya rubuta, mutum na iya gyarawa.

NA FARKO: DAGA INA TSARIN YA FARO?

A shekarar 2016 ne gwamnatin tarayya, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, ta kafa shirin ba gidaje marasa ƙarfi kuɗi kai tsaye. Aka buɗe ofishin NASSCO a Abuja domin haɗa babbar rajista ta ƙasa mai ɗauke da sunayen gidajen talakawa da masu rauni, kowace jiha kuma da ofishinta mai tattara sunayen. A lokacin Naira 5,000 ake ba gida a wata, ana haɗawa a biya Naira 10,000 duk bayan wata biyu. Mafi yawan masu karɓa mata ne, domin uwa aka fi rubutawa a matsayin mai kula da gida. Dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido a ƙarshen 2017 ma cikin wannan shiri aka zuba su.

A farkon shirin, kuɗi a hannu ake kawowa. A yi layi, a duba katinki, a dubi fuskarki, a ƙirga miki. Akwai wahalar rana da turmutsitsi, akwai kuma ƙorafin sunayen bogi, amma dai mutum ne a gabanki, kina iya yi masa bayani.

Daga baya abin ya riƙa komawa hannun na'ura. A watan Janairun 2021, saboda annobar korona, aka ƙaddamar da wata rajistar gaggawa ta mazauna birane wadda ake shiga ta hanyar saƙon waya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai gwamnati ta ƙaddamar da sabon zagaye ranar 17 ga Oktoba, 2023: Naira 25,000 sau uku, wato Naira 75,000, ga gidaje miliyan 15. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shirin saboda binciken zargin almundahana, da aka dawo da shi kuma sai aka tsananta sharaɗi: sai an tantance mai karɓa da lambar shaidarsa, sannan kuɗin su shiga asusu kai tsaye. A rahotonsa na watan Mayun 2025, Bankin Duniya ya ce gidaje miliyan 5.6 ne kawai daga cikin miliyan 15 ɗin suka samu biya ko da sau ɗaya zuwa lokacin, kuma tantancewar na cikin abin da ya kawo jinkirin. Kin ga ashe ba Indo kaɗai ba ce.

NA BIYU: MATAKAN DA SUNANKI KE BI

Kafin kuɗi su iso hannunki, sunanki na ratsa ƙofofi shida. Ki riƙe su da kyau, domin in kin san ƙofar da kika maƙale, kin san wanda za ki tambaya.

1. Zaɓen yanki. Ana fara duba ƙananan hukumomi da unguwannin da talauci ya fi tsanani.

2. Taron jama'a. Ana tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi wane ne talaka a wurinsu, su kuma lissafo gidajen.

3. Ɗaukar bayanai. Ma'aikaci ya zo gida da 'yar na'urarsa yana tambaya: ku nawa ne? Rufin ɗakin na mene ne? Ina kuke samun ruwa? Da me kuke girki? Wane irin banɗaki? Akwai rediyo, talabijin ko firji? Maigida ya yi karatu?

4. Lissafin maki. A nan kwamfuta ke karɓar aiki. Ba ta tambayar nawa kuke samu, sai dai ta auna amsoshin nan ta yi kirdadon ƙarfin gidan, ta jera gidaje daga mafi rauni zuwa mai dama-dama.

5. Tantancewa. Ana gwada bayanan da ke rajista da na NIN ko BVN, a ga ko mutum ɗaya ne.

6. Biya. Kuɗi su shiga asusun banki ko na waya, saƙo ya zo a layin da aka rubuta.

Ƙofofi uku na farko mutane ne ke tsaye a kansu, uku na ƙarshe kuwa na'ura ce. Haka kuma ki sani, shiga rajista daban, samun kuɗi daban. Rajistar kamar rumbu ce da shirye-shirye daban-daban ke ɗiba daga ciki gwargwadon kuɗin da suke da shi. Mata da yawa sun ɓata da mai unguwa ko da shugabar mata a kan zargin an cinye musu kuɗi, alhali sunan yana nan, ba a dai kai kansa ba.

NA UKU: WURAREN DA MU MATA MUKA FI MAƘALEWA

Suna. Mu Hausawa mace ɗaya na iya zama Hauwa'u a wurin mahaifinta, Kulu a wurin kakarta, Jummai a unguwa, Maman wane a gidan miji. Mu duk mun san ita ce. Kwamfuta kuwa mata huɗu take gani. Hatta Hadiza da Khadija, ko Muhammad da Mohammed, suna iya sa ta tsaya. Ga kuma sauya sunan uba zuwa na miji bayan aure, in aure ya mutu a sake wani.

Ranar haihuwa. Da yawa daga cikin iyayenmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Wannan ma'aikaci ya dubi fuska ya yanka shekara, wancan ma ya yanka tasa. Sai ki tarar a takarda ɗaya an haife ki 1984, a ɗaya kuma 1988.

Layin waya. Wannan ya fi kowanne cin mutane. Ma'aikaci namiji ya tsaya a zaure, maigida ya amsa tambayoyi, ya ba da lambarsa ko ta ƙaninsa. Ranar da aka rabu, ko ya rasu, ko wayar ta ɓata, shi ke nan saƙo na tafiya inda ba ki. Kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe ya sayar wa wani.

Zanen yatsa. Hannun da ya sha wanki, surfe da dakan ƙuli-ƙuli, zanensa kan shafe. Tsufa ma haka. Lalle mai kauri a kan yatsu shi ma yakan hana na'ura karantawa, shi ya sa hukumar JAMB ke gargaɗin 'yan mata su guji ƙunshi kafin rajista da jarrabawa.

Kunya. Wannan kuwa tamu ce ta gado. A tambayi mace 'ya'yanta nawa, ta tsallake ɗan fari saboda alkunya. A tambaye ta sunan miji, ta sunkuyar da kai, yaro ya faɗi laƙabinsa na kasuwa, a rubuta. A ce, "Kuna samun abinci?" ta ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya," alhali tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Mutum in ya ji wannan amsa ya dubi murhu, zai gane. Na'ura ba ta duban murhu. Haka nan firjin da ya mutu shekara biyar kina ajiye kwanuka a ciki, in aka rubuta "akwai firji", a lissafi kin zama mai hali. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma wurin ɗaukar bayanai kamar gaban likita ne, ba a ɓoye ciwo.

NA HUƊU: BA A ƘASARMU KAƊAI BA

Kada ki ɗauka wannan matsala ta rashin ci gaba ce kawai. Bari in ba ki misali biyu daga waje, domin ki ga cewa na'ura na kuskure ko a ina.

A ƙasar Ostareliya, daga shekarar 2016 gwamnati ta sakar wa kwamfuta aikin gano waɗanda aka biya tallafi fiye da ƙima. Sai ta riƙa ɗaukar abin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai a kan makonni, kamar kullum samunsa ɗaya ne. Ki kwatanta da mai ɗinki da ke samun ciniki da azumi, sauran watanni kuwa sai a hankali. Da wannan lissafi aka aika wa dubban ɗaruruwan mutane takardun bashin da ba su ci ba. A 2019 kotu ta tabbatar hanyar ta saɓa wa doka, a 2020 gwamnati ta amince za ta mayar da kuɗin basussuka kusan 470,000, sannan a 2023 babban kwamitin bincike ya yi tir da shirin baki ɗaya. Mutanen da suka ƙi yin shiru ne suka jawo wannan gyara.

A ƙasar Indiya kuma, inda aka haɗa rabon hatsin gwamnati da lambar shaida mai suna Aadhaar, an samu tsofaffi da leburori da na'ura ta ƙi karanta yatsunsu suka koma gida hannu rabbana. A shekarar 2017, a jihar Jharkhand, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu bayan an soke katin rabon abincin gidansu saboda ba a haɗa shi da lambar ba. Mahaifiyarta ta ce yunwa ce, jami'ai suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, amma soke katin kam ba a musa shi ba.

Ban kawo waɗannan don in ce na'ura sharri ce ba. Tana da amfaninta: tana rage sunayen bogi, tana hana mutum ɗaya karɓa sau biyar, tana kuma hana mai rabo ya yanki nasa kafin ya miƙa miki. Matsalar ita ce a bar ta ita kaɗai, babu kunnen da zai saurari wanda ta zalunta.

A tarihinmu ma akwai abin lura. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) shi ne ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓar rabo daga baitulmali. An ruwaito cewa da farko sai an yaye yaro ake sa shi a ciki. Wani dare ya ji jariri na ta tsala kuka, da ya bincika sai ya tarar uwar ce ke gaggawar yaye shi domin ya shiga rajista. Bai ce mata ai haka tsari yake ba. Tsarin ya sauya, ya ce a riƙa rubuta kowane yaro tun daga haihuwa. Ƙa'ida ce ta jawo cuta, kukan da ya kai kunnen shugaba kuma ya gyara ta.

NA BIYAR: ABIN DA ZA KI YI TUN YANZU

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Kada ki jira sai an fara biya.

1. Ki tattara takardunki wuri ɗaya: takardar NIN, ta banki, katin zaɓe, da duk wata takarda da aka ba ki ranar rubuta sunaye. Ki sa wanda ya iya karatu ya gwada su harafi da harafi.

2. Ki tsayar da suna ɗaya, wanda ke kan NIN ɗinki, da ranar haihuwa ɗaya. Duk inda za a rubuta ki, ki miƙa takardar a kwafa, kada ki faɗa da baki. Yin NIN karon farko kyauta ne, gyara kuwa da kuɗi, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada nesa ba kusa ba.

3. Ki mallaki layi da sunanki, haɗe da NIN ɗinki, ko da 'yar ƙaramar waya ce. Ki zauna da maigida cikin ladabi ki yi masa bayani cewa ba rashin yarda ba ne, tsarin ne ke son sunan mai asusu da na mai layi su dace, kuma amfanin na gidan ne baki ɗaya. Ki riƙa sa kati kina kira lokaci-lokaci don kada a rufe.

4. In kin manta lambarki, danna *346# a layin da kika yi NIN da shi, ko *565*0# a layin da kika yi BVN da shi. Kowace lamba 11 ce, kuma ana cire ɗan kuɗi kaɗan.

5. In za ki je dangwala yatsa, ki ɗaga ƙunshi sai kin dawo. In na'ura ta ƙi karanta yatsa ɗaya, ki ce a gwada sauran.

6. Ranar ɗaukar bayanai ki nemi a ji daga bakinki, ko daga bayan labule ne. Ki ƙirga kowa, har ɗan fari da marayun da ke hannunki. In gidan haya ne ko aro, ki faɗa. In kayan sun lalace, ki faɗa. Kafin ya tafi ki ce ya karanta miki abin da ya rubuta.

7. Kamar yadda ba za ki ɓoye rashi ba, kada kuma ki ƙirƙiro shi. Wadda ta kwashe kayan ɗakinta ta kai maƙwabta, ko ta ari 'ya'yan wasu don makinta ya sauka, ta sani gurbin wata Indo ta shiga. Kuɗin ƙididdigaggu ne, in kin shiga da ƙarya wata mai gaskiya ce ta fita.

NA SHIDA: IN AN RIGA AN CE BA A GAN KI BA

Kada ki tsaya a kan "kwamfuta ta ƙi". Cikin natsuwa ki yi tambaya uku: Sunana yana cikin rajista ko babu? In yana ciki, a wane mataki ya tsaya? Me zan kawo a gyara? Shirin na da sashen karɓar koke tun daga ƙaramar hukuma har jiha, ki nemi jami'in da ke kula da shi. Ki sa a rubuta kokenki, ki riƙe kwafi, ki rubuta ranar da kika je. Ki tafi da wata mai karatu, kada ki je ke kaɗai.

Bugu da ƙari, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba ki damar neman a gyara bayananki in an yi kuskure, ta kuma tanadi cewa in na'ura ce kaɗai ta yanke hukuncin da ya shafi rayuwar mutum, yana iya neman ɗan Adam ya sake dubawa ya saurare shi. Saboda haka ba alfarma kike roƙo ba.

Sai kuma 'yan damfara, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba a sayar da fom na shiga rajistar nan. Duk saƙon WhatsApp ko Facebook da ya ce ki latsa nan ki cike don karɓar tallafi, ki share shi, kada ki tura wa wasu. Duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki yanzu, ɓarawo ne, ko da ya kira sunanki daidai. Lambar sirrinki kuwa ko mai POS kada ki faɗa wa, ki karɓi na'urar ki danna da hannunki, kuma kada ki bar katinki a wurinsa ajiya.

Ita Indo, sai da muka yi wata huɗu muna kai da kawowa. Ta yi takardar rantsuwa a kotu, aka daidaita sunan banki da na NIN, ta sayi layi da sunanta, aka sauya lambar. Wata ranar Talata ta shigo aji tana dariya, wayarta ƙulle a bakin zani. Kashi ɗaya ya shigo, ta biya bashin mai shago ta sayi kwanon masara. Amma gaskiya ɗaya ce: akwai wata a ajin da muka yi wa duk irin wannan, har yau tana jira. Don haka ban yi miki alkawarin kuɗi ba. Abin da nake so shi ne, in an rasa, kada ya zama saboda harafi ɗaya ne da za mu iya gyarawa.

TAMBAYOYIN NAZARI A TARONKU NA WATA

1. Kawo ƙofofi shida da suna ke ratsawa. Waɗanne ne ke hannun mutane, waɗanne ne ke hannun na'ura?

2. Mene ne bambancin shiga rajista da samun biya?

3. Mata nawa ne a reshenku ba su da NIN, ko ba su da layi da sunansu?

4. Aikin gida: kowace mai karatu ta zaɓi mata uku a layinsu, musamman tsofaffi, zawarawa da masu takaba, ta duba musu takardunsu kafin taro na gaba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba shugabanninmu ikon jin kukan na ƙasa, ya hore mana abin da za mu ba wasu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.